Dara da Hannun Hagu

Ƙwallon aduwar ya suɓuce daga yatsun Wada, ya faɗi a kan tudun da ke tsakanin ramuka biyu. Lado ya gani. Ya kuma ga yadda Wada ya tsaya yana duban hannunsa na dama kamar ba nasa ba, sannan ya miƙo na hagu ya tura ƙwallon cikin rami.

Samarin da suka kewaye su a gindin tsamiya suka kwashe da dariya. A wurinsu maganar a fili take: Baba Wada yana nufin ko da hagu ma zai cinye taubashinsa.

Ba laifinsu ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙauyen nan na kan hanyar Dungas ya san Wada da Lado, ɗan mace da ɗan namiji, kuma ya san ba a taɓa ganinsu wuri ɗaya ba tare da ɗaya yana cin naman ɗaya ba. Wada ne mai bakin. Lado yana da 'yar in'ina, Wada kuwa ya iya kwaikwayonta har ya fi mai ita. Tun suna kiwon awaki suke tona ramukan dara a ƙasa, Wada da ƙwallayen aduwa, Lado da guntayen karan gero, yanzu ga furfura ta cinye gemunsu, amma Lado bai taɓa cin Wada a gaban mutane ba. Yakan yi dariya tare da masu dariya. In ya koma gida sai tuwo ya ƙi wuce masa.

Mushe Nafi'u, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya jawo zaman na yau. Shi ya zo da karta daga Damagaram, ya koya wa 'yan fadarsu bilot, har ta kai shayi na hucewa ba a sha ba. Rabilu da ya yi zaman cirani a ƙetaren iyaka ya ce wot ta fi daɗi, don ba ta buƙatar dogon tunani. Hafizu, babban ɗan Wada, mai mata da 'ya'ya biyu, ba ya jin kunyar cewa shi lido yake so. Musu ya yi tsawo, aka gama maimai aiki ya yi sauƙi, sai Mushe ya kawo shawara kowa ya ɗauki yammacin rana guda ya koya wa sauran wasan da ya fi so, har da dattawa. An sha kallo ranar bilot. Lado ya riƙe kartarsa fuskarta na duban jama'a, Wada kuma ya jefar da tasa ya ce wasan da takarda ke zaɓa wa mutum rabonsa ba na masu hankali ba ne. Yau ranar dara ce, kuma kafin a fara Wada ya kafa sharaɗin da suka gada daga iyayensu: ba mai tashi, ba mai sa baki, sai an gama.

Shi ne ya yi musu bayani da kansa, yana nuna ramukan da tsinke. Kowa zai zuba 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara tafiya, wanda ya jera uku a layi ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. A lokacin muryarsa garau take.

Yanzu kuwa hannun daman yana kwance a kan cinyarsa, tafin yana duban sama.

Lado ya san wannan kwanciyar hannun. Haka na yayansa Abdulwahabu ya kwanta wata safiya suna sussukar gero, daga nan baki ya karkace, daga nan ƙafa ta ƙi ɗauka. Suka tsaya jiƙe-jiƙe da tofi har rana ta faɗi. Da suka kai shi asibiti aka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau masa kai, kuma irin wannan ciwon da gudu ake kawo shi. Abdulwahabu ya rayu damina uku ana juya shi a kan tabarma, bai sake kiran sunan kowa ba.

Lado ya ɗago ya dubi Wada. Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka a kan ramukan. Wada ya saka ƙwallon nan a inda ko yaro ba zai saka ba. Ya bar kusurwa a buɗe.

Lado ya ɗaga karansa ya tura, ya jera uku, ya ɗauke ƙwallon aduwa guda ya ajiye a gefen ƙafarsa.

Aka yi 'yar sowa a ƙasa-ƙasa saboda sharaɗi. Rabilu ya raɗa wa Mushe cewa tarko ne, haka tsohon yake sakar wa mutum igiya kafin ya shaƙe shi. Lado ya ji, ya kama maganar da hannu biyu. Wataƙila tarkon ne. Wataƙila hannun ya yi sanyi ne don ya daɗe yana dogare da shi. Mutumin da ya ƙi tuƙa tuwo da gaskiya tun yana yaro, me zai hana shi ƙirƙiro wannan ma?

Daga gabas hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin, ya kwanta a kan gonaki. Iskar da ke gabansa ba ta iso ba tukuna. Ganyen gero ya tsaya cak, awakin da ke ɗaure a bayan danga suka fara kuka. Ƙauyen shiru, don ranar kasuwar Dungas ce, masu babura duk sun tafi neman fasinja.

Wada ya yi tafiya da hagu. Lado ya sake ci.

Sai Wada ya ɗago kai ya dube shi, ya ce, “La… La… Lad…”

Harshen ya naɗe, sauran sunan ya narke a baki. Fada ta tarwatse da dariya. Rabilu har da kwanciya a ƙasa yana riƙe ciki, yana cewa ko a bakin kabari tsohon nan ba zai bar Baba Lado ya huta ba. Mushe ya cire tabarau yana share hawaye. Su a gefe suke zaune da baya. Lado kaɗai ke fuskantar Wada, shi kaɗai ya ga gefen bakin na dama ya sauko, da siririn miyau da ya gangaro ya shige cikin gemu. Ya shekara hamsin yana jin ana kwaikwayon in'inarsa, ya san yadda take fita daga bakin Wada, da ɗaga gira da lumshe ido ɗaya. Wannan ba ita ba ce. Idon Wada a buɗe yake, kuma tsoro ne a ciki.

Hafizu ne kawai dariyarsa ta tsaya a rabi. Ya ɗan leƙo ta kafaɗar uban.

“Baba, lafiya dai?”

Wada ya ɗaga hannun hagu, ko korar ɗan yake yi saboda sharaɗi, ko kiransa yake, Allah kaɗai ya sani. Hafizu ya juyo ya dubi Lado, don shi ne babba a wurin, shi ne kuma ya fi kowa sanin mutumin.

“Ƙyale shi,” in ji Lado. “Sharrinsa ne.”

Hafizu ya koma ya zauna.

A gaskiya Lado ba mugu ba ne. Da wani ne ya faɗi a gona, da shi zai fara goya shi. A ransa ya ce saura kaɗan, wasan ya zo ƙarshe, tafiya 'yan kaɗan ne, da an gama zai miƙe ya tara mutane. Ya riga ya kafa karansa yadda in ya matsa gaba ya jera uku, in ya dawo baya ma ya jera uku, ci a kowace tafiya. Irin wannan kafi Wada ya sha yi masa shi a gaban surukai da baƙi. Yau ga shi a hannunsa, ga Mushe yana kallo, ga samarin gari kaf. Daɗi da tsoro suka cakuɗe masa a ƙirji, kuma ya ji kunyar daɗin, amma bai daina jin sa ba.

Daga nesa aka ji ƙugin mota. Motar Abdulrazak ce, wadda ke kwaso 'yan kasuwa daga Dungas ta wuce Magariya, inda babban asibiti yake. Ita ce ta ƙarshe a ranar, kowa ya sani, kuma in ruwan nan ya sauka kwarin da ke gaba zai cika, ba mota sai gobe ko jibi. Ta iso tana rangaji da buhuna da kaji a sama. Kamar kullum direban ya rage gudu a gindin tsamiya, ya leƙo da kai ya yi sallama, ya tambaya ko akwai mai tafiya, don yana da wuri a gaba, yana kuma son ya riga ruwa.

A dara kuwa tafiyar Lado ce. Karan yana tsakanin yatsunsa. Wada yana dubansa, leɓensa yana motsi ba sauti.

“Babu,” in ji Lado, bai ɗago ba.

Motar ta ja. Ya saurari ƙuginta har ya ɓace a bayan gonaki, sannan ya ajiye karan ya ɗauke wani ƙwallon.

Iska ta iso. Ta kwashi rairayi ta fara cike ramukan, Mushe da Rabilu suka baza rigunansu suna kare dara don kada ta lalace kafin a ga ƙarshe. Wada ya ci gaba da tafiya, in tafiya za a kira ta: yana tura duk ƙwallon da hannunsa ya taɓa. Lado yana gaba, yana baya, yana ɗauka. Da ƙwallayen Wada suka rage biyu, ba sauran abin jerawa, sai Mushe ya miƙe ya ce yau dai an ga abin da ba a taɓa gani ba. Samari suka yi ta tafi. Rabilu ya kama hannun Lado ya ɗaga sama.

Suna jiran abin da Wada zai ce, don sun san ba zai rasa ba. Ya dafa ƙasa da hagu zai tashi. Ƙafar dama ta ƙi. Ya tafi a hankali ta gefe, kamar buhun da aka jingina ba daidai ba, kuncinsa ya sauka a kan ramukan. Ɗigon farko na ruwan ya faɗo a lokacin.

Ba a sami babur ba. Aka ɗaura bijimin sa a amalanken Hafizu, aka shimfiɗa tabarma, aka rufe Wada da leda, aka nufi Dungas, tunda motar Magariya ta riga ta tafi. Mushe ya bi su. Lado ya hau ya ɗora kan taubashinsa a cinya, ruwa na dukansa. San yana tafiya yadda sa ke tafiya, ƙafafun amalanke suna nutsewa a rairayi mai laka, Hafizu yana sauka yana turawa. A wata tsayawa ya ga Lado na karkarwa, ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa masa, ya ce Allah ya saka masa da alheri, da ba ya kusa da bai san yadda zai yi ba.

Ana kiran magariba suka isa ƙaramin asibitin Dungas. Aka ɗora Wada a kan gado. Majo, babbar ma'aikaciyar jinyar wurin, ta ɗaura masa abin awon tansiyo, ta ɗaga hannun daman ta saki, ya faɗi. Ta buɗe idonsa ta haska. Sannan ta juyo ta tambaye su tun yaushe abin ya fara.

Hafizu ya ce daidai saukar ruwa, lafiyarsa lau yana wasa yana ba mutane dariya, kawai sai ya faɗi. Mushe ya ce haka aka yi, a gabansu.

Majo ta ce su yi tunani da kyau, ba faɗuwar take tambaya ba. Kafin faɗuwa, ba wanda ya ga hannu ya saki, ko baki ya karkace, ko magana ta sauya? Ta ce abin da za ta gaya wa likitan Magariya a waya, da abin da shi zai ce a yi, duk sun rataya a kan wannan amsa. Ta tambayi wa ke zaune a gabansa.

Suka juyo gaba ɗaya. Lado yana tsaye a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga rigar Hafizu da ke kafaɗarsa. Ba wanda zai ƙaryata shi in ya ce bai lura ba. Mutum ɗaya ne ya san abin da ya gani, shi kuma ga shi kwance, ba baki. Idon Wada na hagu a buɗe yake, yana kan Lado.

“Hannun ne ya fara,” in ji Lado. “Tun farkon wasa. Daga baya bakin.”

Majo ta ɗauki waya ta fita baranda tana neman layi. Mushe ya sunkuyar da kai. Hafizu yana duban ƙasa kamar mai bin sawun wani abu. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

“Baba Lado, kafin motar Abdulrazak ta zo, ko bayan ta wuce?”

“Kafin ta zo,” in ji Lado.