Mutum-mutumin Kawu Yarema

Tun da kawu Yarema ya bar noman alkama ya dawo garinmu a lardin Saskatchewan mai tsananin sanyi, ba shi da aiki da hunturu sai zaman bakin taga yana kallon tsuntsayen bayan gida. 'Yan mitsi-mitsin nan masu baƙin kai kamar sun sa baƙar hula su suka shiga ransa. Ya rantse sai ɗayansu ya ci gyaɗa a tafin hannunsa.

Kullum sai ya fita ya miƙa hannu cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci. Su leƙo daga kan reshe, su dube shi, su tashi.

"Ba su saba da fuskarka ba ne," in ji matarsa, inna Stefka. "Ni ma na daɗe kafin na saba."

Ita ta kawo dabara. Suka cusa karan alkama a tsohon kwat ɗinsa da wandonsa, suka ɗora hularsa mai kunnuwa, suka zaunar da abin a kujera, gyaɗa cikin safar hannu. In tsuntsaye sun saba da wannan, sai kawu ya karɓi kujerar.

Ba wanda ya tuna da maƙwabciyarsu Frida Klassen. Da safe ta hango Yarema zaune, dusar ƙanƙara ta taru a kafaɗarsa. Da rana ta sake leƙawa, bai motsa ba. Ta kwaso da gudu da silifas, tana dukan ƙofa.

"Stefka! Kina nan kina tuya, mijinki ya sandare a waje!"

Kawu ne ya buɗe, bakinsa cike da burodi. Frida ta zame ta zauna a ƙasa. Da ta farfaɗo ta ji ashe mutum-mutumi ne, ta wanke su tas, ta tafi.

Tsuntsaye kuwa suka saba. Ranar da rana ta ɗan fito, aka jawo mutum-mutumin ciki, kawu ya sa kayan, ya rufe fuska da mayafi, ya zauna ƙiƙam. Ƙafafunsa suka mutu. Can sai ya ji ɗan nauyi a yatsansa, kamar ba komai ba. Mai baƙar hula ne, yana juya kai yana zaɓen gyaɗa. Kawu ya ɗauke numfashi. Ya gaya mini hawaye ya zo masa, ya daskare a gashin ido.

Daidai nan Frida ta fito share hanya da shebur. Ta jingina da shinge.

"Sannu da hutawa, malam kara," ta ce. "Wallahi ka fi mai kayan kyan gani. Ga ka ba surutu, ba tumbi. Da ni ce Stefka, kai zan shigar ɗaki in ajiye wancan a waje."

Kawu ya cije. In ya yi magana tsuntsu ya tashi. Frida ta bi ta kan minsharinsa da ake ji har gidanta, ta gangaro kan waƙarsa a coci. Sai da tsuntsun ya ɗauki gyaɗarsa ya tafi don kansa, kawu ya juyo a hankali.

"Baiwar Allah, me muryata ta yi miki?"

Shebur ya yi gabas, Frida ta yi yamma. Inna Stefka, da ke kallo ta taga, dariya ta hana ta fitowa, ga wandon kawu ya daskare ya manne da kujera. Haka ya shigo kicin a duƙe, da kujerarsa a baya.