Yatsun Inna Kulu

Tun da asibitin da Malam Badaru yake zuwa a Kano ya buɗe shafi a intanet don masu ciwon suga, 'yarsa Karimatu ta huta da jigilar tsoho daga Gafasa zuwa birni. Kullum da hantsi mahaifiyarta, Inna Kulu, za ta kira ta, ta karanta mata lambar da na'urar awo ta nuna, ita kuma ta shigar daga teburinta a sakatariyar Gaya. Har kuri take yi wa abokan aiki, wai likitan babanta a cikin jakarta yake kwana.

Da azumi ya kama sai lambobin suka dinga hawa, kullum ja. Likita ya rubuto a ƙara yawan allurar da Malam yake yi, Karimatu ta isar da saƙo, Malam kuwa ya bi.

Ran nan Kulu ta gama karanta lamba, sai ta ce, "Ke 'yar nan, abin nan ba a soka shi a wani wuri sai yatsa? Nawa duk sun yi tsami, ko tsintsiya da ƙyar nake riƙewa."

"Naki, Inna? Me ya kawo naki?"

Kulu ta ce, "Malam ne ya ce ba mai fitar masa da jini da azumi a bakinsa. Ke kuma in ba lamba sai faɗa. Na ga tukunyarmu ɗaya, abin da ya ci shi na ci."

Nan take Karimatu ta gane. Ashe tun farkon wata ba wanda ya auna tsohon, ga ƙarin allura ana dirka masa a kan jinin da ba nasa ba, ga ciki ba komai.

"Ina Baban?"

"Ya kai taki gona tun da safe."

Ko jaka ba ta ɗauka ba. Ta sayi ƙullin suga da ruwan leda a bakin titi, ta haye acaɓa. Duk hanyar tana kiran wayarsa, tana ta ringi ba a ɗauka. Tsoro ya hana ta ko addu'a mai tsawo, sunan Allah kawai take maimaitawa.

A gindin ɗorawa ita da ɗan acaɓan suka same shi, ya jingina, rigarsa sharkaf da gumi, hannuwansa na rawa. Ya dube ta ya kira ta da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Ta jiƙa sugan ta kai bakinsa, ya datse haƙora.

"Azumi," ya ce da ƙyar.

"Baba, don girman Allah ka sha. Allah bai ɗora wa mara lafiya ba. Ka rama daga baya, ni ma zan taya ka." Hawaye take yi, ruwan yana zuba a hannunta.

Ya buɗe baki kaɗan. Ta dinga ba shi kurɓi kurɓi, tana kallon maƙogwaronsa, har idonsa ya tsaya a kanta sosai ya ce, "Karimatu, ke ba kya ofis?"

Da suka kai shi gida, Kulu ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, tana cewa da ta sani. Karimatu ta buɗe shafin don ta sanar da likita, jajayen lambobin nan suka jeru mata reras. Ta ɗaga kai ta kalli mahaifiyarta. Sai yanzu ta ga yadda wuyanta ya zube, awarwaron da a da yake kama hannunta yana zamewa har gwiwar hannu. Tsoron da ta zaci ta baro a gona ya dawo mata sabo.

"Inna, ɗauko mayafinki. Da ke za mu Kano."

"Ni kuma? Ai lafiyata ƙalau, Malam za ki kai."

Karimatu ta juya mata fuskar wayar. "Duk jan nan, Inna, naki ne."