Arba'in Cif

Tun da Lyle Dunstan ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Port Augusta, ba shi da zance sai iskar taya. Ya sayi 'yar tirelar kwana, irin mai gado da murhu a ciki wadda ake ƙulla wa mota a baya, ya sayi geji mai tsada na auna iskar taya, ya rataya a wuya kamar laya. A jikin tirelar kamfani ya manna lambar iskar da taya ke buƙata, arba'in. Shi ke nan, Lyle ya samu addini.

Burinsa ya zagaye ƙasar nan kaf shi da matarsa Noelene. Ita kuwa ta gaji da shi, ba tun yau ba. Da ƙyar ta yarda da gwaji ɗaya, daga Marree zuwa Birdsville.

"In na ji daɗi, mu yi ta yawo har mu mutu a hanya," in ji ta. "In ban ji ba, gidan yayata a Adelaide zan koma, kuma kada ka tambaye ni ranar dawowa."

Lyle ya yi dariya, amma ya san Noelene ba ta maimaita magana. Sai ya ƙudura a ransa cewa tafiyar nan ba za a samu kuskure ko na ƙwayar zarra ba. A wurinsa kuwa kuskure wuri ɗaya yake zama, a cikin taya.

Suka kama hanya, ba kwalta, sai jan ƙasa da tsakuwa da gargada, ga rana kamar ta dafa mutum. Ba su yi nisa ba ya taka birki, ya fita ya durƙusa gaban tayar tirelar. Geji ya nuna arba'in da shida.

"Kin gani ko? Da wani sakarai ne da haka zai yi ta gudu da ita!"

Ya danna bakin tayar, tsssss, har ta dawo arba'in cif. Ya yi wa ɗayar haka.

Noelene ta leƙo ta taga. "Zafi ne fa, Lyle. Ƙyale su, in sun huce za su sauka da kansu."

"Nol, ke dai ji da kwalbar shayinki. Wannan aikin lissafi ne."

To, ko jakin hanyar nan ya san lambar kamfani ta taya mai sanyi ce, wadda ta kwana ba ta motsa ba. In ka rage mata iska tana da zafi sai ta yi laushi, in ta yi laushi sai ta ƙara zafi, geji kuma ya sake hawa. Lyle bai ga haka ba. Abin da ya gani kawai, tayoyinsa suna yi masa taurin kai, shi kuma ba a yi masa taurin kai.

Suka zo wani tafki da fararen tsuntsaye suka rufe bakinsa. Noelene ta gyara zama, idonta ya yi haske, rabon da Lyle ya ga haka har ya manta.

"Tsaya mana, tsoho, mu ɗan sa ƙafa a ruwa."

"Ba lokaci. Mun riga mun makara."

Ya wuce. Da suka ɗan taɓa gaba, a wani fili fetal da ko inuwar sanda babu, sai ga lokaci ya samu. Ya fita, ya durƙusa, tsssss. Haka aka yi ta yi har la'asar. Noelene ta daina leƙowa, ta daina magana, shi kuwa ya ɗauka gyangyaɗin jin daɗi take yi.

Ƙarar ta zo kamar harbin bindiga. Tirelar ta yi hagu, ta yi dama, ta tsaya a karkace cikin ƙura. Tayar ta yi kaca-kaca, sai warin roba. Safaya kuwa, wato tayar canji, tana can gida a gareji, don Lyle ya lissafa ya ga nauyinta zai ɓata masa arba'in ɗinsa.

Can sai ga wata tsohuwar mota da tata tirelar, miji da mata a ciki. A hanyar nan ba a wuce wanda ya tsaya. Mijin, wani ƙato mai suna Merv, ya fito ba takalmin kirki, ya shuri ragowar tayar, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ayya, abokina, rashin iska ne ya cinye ta. Ka riƙa ɗan aunawa mana lokaci-lokaci!"

Lyle ya dubi gejin da ke lilo a ƙirjinsa.

Merv ya ce tasu safayar ba za ta shiga ba, amma Marree za su, kuma akwai wurin mutum ɗaya a baya. Kafin Lyle ya ce wani abu Noelene ta buɗe ƙofa. Ta ajiye masa jarkar ruwa da burodi a kan mota, ta ɗauko jakarta, babbar, ba ƙaramar ba. Nan ne tsoro na gaske ya kama shi.

"Nol, gobe fa sai mu koma wajen tsuntsayen nan. Mu yini ma in kina so."

Ta shiga motar Merv ta zauna, ta sauke gilashi.

"Zan sa a kawo maka taya da safe."

"Ke fa?"

"Taya dai na ce, Lyle."