Khadijah Biyu a Kati Ɗaya

Dakta Zadok ko gaisuwarta bai amsa ba. Keturah na shigowa da jakar kwamfuta a kafaɗa, takalminta duk taɓon unguwar Nassarawo, sai ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa ya ce ta nuna masa inda ta kai masa majinyaciya.

Ita ce ta haɗa wa wannan ƙaramin asibitin haihuwa manhajar da suke aiki da ita. Kafin zuwanta katin kwali ake tarawa a wani ɗaki, gara ta ci rabi, yoyon damina ya ci saura. Ta zauna a ɗakinta a Shagari Low Cost ta tsara musu shafin intanet mai sauƙi: ka rubuta suna, bayanan mace su fito, ka gyara abin gyarawa, ka adana. Har Sista Azumi, babbar ungozomar da ta rantse ita da kwamfuta sai dai a lahira, ta iya cikin 'yan kwanaki. Kan Keturah ya ɗan kumbura, kuma tsakani da Allah aikin ya yi kyau.

Abu ɗaya ne ya dame su. Mace za ta zo ta manta lambarta, a buɗe mata sabon kati, ta sake zuwa a sake buɗe wani, kafin ka ce me mace ɗaya ta zama huɗu. Sista Azumi ta yi ta mita har Keturah ta ƙara wani maɓalli. Idan suna da sunan uba da ranar haihuwa da unguwa suka zo ɗaya, sai a danna, katunan su haɗe, sabon bayani ya zauna, tsohon ya goge. Abu huɗu fa! A lissafinta mutum biyu ba za su taɓa haɗa su duka ba. Hanyar dawo da abin da ya goge kuwa ta ce sai wata mai zuwa, kuma watan nan har yau bai kama ba.

Likitan ya ce kafin ya tafi hutu ya yi wa wata yarinya daga cikin Yola hoton ciki, Khadijah Hamman, cikin fari. Mabiyiya ta sauko ta toshe bakin mahaifa. Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa tiyata za a yi mata, kada ta yi nisa da asibiti, domin ranar da naƙuda ta taso jini ne zai ɓalle. Yau ya dawo ya nemi sunanta don ya sa rana, sai ya tarar da hoto lafiya lau, rubutunsa ko alamarsa babu.

Sista Azumi ce ta dafa ƙirji. Ta ce ai su biyu ne. Khadijah Hamman biyu, daga gida ɗaya, kowacce da ciki. An danna maɓallin an haɗe katunansu, bayanin babbar ya goge na ƙaramar. Ƙaramar ta zo a makon jiya ta tambayi likitan da ke riƙon ƙwarya batun tiyata, ya duba kati ya ce mabiyiya ta koma sama, ta je abinta. Ƙaramar kuma ba ta ce masa ba a sake yi mata hoto ba. Yarinya mai cikin fari, kanta a ƙasa, an ba ta labari mai daɗi, gardamar me za ta yi?

Keturah ta ce ranar haihuwa fa? Aka kira Othniel mai buɗe kati, ya zo yana share hannu a wando. Ya ce shi dai duk wadda ba ta san ranarta ba ɗaya ga Janairu yake sa mata, ya ƙiyasta shekara da ido, haka kowa ke yi, kuma shafin ba ya yarda a bar gurbin ba komai. Gaskiyarsa ce, ita ta hana a bar shi. Ta tace sunayen, sai ga kusan rabin matan asibitin duk ranar sabuwar shekara aka haife su. Ta nemi kujera ta zauna.

Lambar wayar da ta rage a katin ta babbar ce, kuma a kashe take. Keturah ta haƙa rumbun bayanan ta ko'ina, ta san babu, amma ta haƙa. Abin da ta ce ya goge ya goge tsaf, don aikinta ba ya wasa. Dakta Zadok ya ce ba zai iya barin matan da ke layi ba, Sista Azumi kuma tana da mai naƙuda a ciki. Ba wanda ya ce Keturah ta je. Ita ta rufe kwamfutar ta fita, ta tare Keke Napep ta ce Yola, kuma kada ya tsaya ɗaukar kowa.

Adireshin cewa ya yi bayan masallaci. A cikin Yola! Ta yi ta shiga lungu tana fita, tana tambayar gidan da matan wa da ƙani ke da ciki, mutane na kallonta kamar ta yi ashar. Wata mai sayar da nono ce ta tausaya mata ta nuna mata ƙofa.

Uwar gidan, tsohuwa ce da kowa ke kira Gogo, ta sa aka shimfiɗa tabarma aka kawo ruwa, ta shiga gaisuwa, gida, aiki, ruwan sama, iyaye. Keturah ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ambaci ciki, Gogo ta kau da kai, domin ba maganar da ake yi da baƙuwa ba ce. Sai ga wata mace ta fito daga ɗaki da tsohon ciki, ta ce ita ce Khadijah. Keturah ta ce ɗayar take nema. Matar ta yi murmushi ta ce kullum haka ake yi: kakarsu ɗaya, sunanta aka sa musu, iyayensu maza kuma kowanne ɗan fari ne a ɗakinsu, shi ya sa bisa al'adar Fulani duk Hamman ake ce musu. Ƙaramar ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, wani ƙauye bayan Fufore, can za ta haihu kamar yadda ake yi a cikin fari. Babu sabis a garin sai an hau tudu.

Nan Keturah ta ajiye kunya. Ta durƙusa gaban tsohuwar ta kama gefen zaninta.

"Gogo, ki yafe mini bakina. Idan naƙuda ta kama ta a ƙauye, mutuwa za ta yi. Likita ne ya aiko ni."

Gogo ta dube ta, ta dubi hannun da ke riƙe da zanin. Ta miƙe da saurin da ba a san tana da shi ba, ta ce a kira Suhaib daga shago.

Suhaib, mijin ƙaramar, tela ne, ya zo da zare a rigarsa. Ya aro tsohuwar motar wani abokinsa, Keturah ta shige baya ba tare da an gayyace ta ba. A hanya sai godiya yake yi mata. Wai ma'aikaciya ta bar ofis ta biyo talaka har gida, wannan zamanin! Kowace godiya sai ta ji kamar an ɗora mata bulo a ƙirji. Sau nawa ta buɗe baki ta rufe. Ta yi addu'a da Hausa, ta yi da yarensu, ta yi wa Allah alkawuran da ita kanta ta san ba za ta iya cikawa ba, ita dai a tarar da yarinyar nan tana zaune tana shan fura.

Bayan Fufore suka bar kwalta. Ruwan jiya ya cinye hanya, motar na tafiya tana kuka, har suka iso inda kwalbati ya karye, ba gaba. Suhaib ya fito zai tsallaka da ƙafa, sai ya tsaya cak. A ɗaya gefen ga amalanken shanu tafe, maza biyu na kora, wata dattijuwa na tafe a gefe tana riƙe da hannun wadda ke kwance. Ƙaramar Khadijah ce, dattijuwar kuma uwarta. Tun safe jinin ya ɓalle. Sun jira ya tsaya, sun ba ta jiƙo, da bai tsaya ba suka ɗauko ta.

A hannu aka tsallako da ita cikin ruwa har gwiwa. Yarinya ce ƙarama, leɓɓanta sun yi fari fat, zannuwan da aka naɗe ta da su sun jiƙe sharkaf. Keturah ta ɗora kanta a cinya, uwar ta riƙe ƙafafun, Suhaib ya juya mota. Wannan ne karon farko da Keturah ta ga fuskar da ta goge. Ta yi ta yi mata magana don kada ta lumshe ido, tana tambayarta abin da ya zo bakinta, wane abinci take so, wa ya yi mata kitso. Yarinyar ta ce ƙishirwa take ji, ta kuma ba da haƙuri don ta ɓata mata siket.

Suna hawa kwalta sabis ya dawo. Keturah ta kira likita ta ce ga su nan tafe. Ya ce ya riga ya sa a nemo jini bisa rukunin da ke katinta.

"Dakta, kada ku sa mata! Wannan ma na ɗayar ne. Kada ku yarda da komai da ke katin nan, ko harafi ɗaya. Ku jira ku gwada."

Ta ji yana ƙwala wa Sista Azumi kira.

Aka shige da ita tiyata, aka bar su a baranda. Keturah ta zauna a benci da jini busasshe har gwiwar hannu, ba ta ko nemi famfo ba. Othniel ya leƙo ya tambaya ko su ci gaba da aiki da shafin, ta ce ya kashe, ya nemo biro da takarda. Gogo ta iso da babbar Khadijah, suka zauna a ƙasa suna jan carbi. Aka kira la'asar, Suhaib ya je ya dawo, ƙofar na nan a rufe.

Da Dakta Zadok ya fito, Suhaib ya nufa. Uwar ta tsira, ya ce, da ƙyar. Yaron kuwa namiji ne, cikakke, amma ya riga ya tafi tun a hanya. Da an yi aikin a ranar da ya so sawa, da yanzu yana hannunsu. Wannan na ƙarshen a hankali ya faɗa, kuma ba Suhaib yake kallo ba.

Ba a daɗe ba Suhaib ya fito da ɗan a naɗe cikin farin yadi, yana sauri a kai shi kafin magariba. Ya ga Keturah ya tsaya. Ya ce ba shi da bakin gode mata, da ba don ita ba da gawa biyu zai ɗauka yau, Allah ya saka mata, ya jiƙan iyayenta.

Ta so ta yi shiru. Wallahi ta so. Amma ta miƙe ta gaya masa duka, a tsaye: yadda ta yi maɓallin, yadda ya haɗe matarsa da matar wansa, yadda gargaɗin likita ya goge, da cewa likitan da ya sallame ta katin da ita ta lalata ya karanta. Suhaib bai katse ta ba. Ya saurara har ta gama, ya gyara riƙon da ya yi wa yaron, ya sa tafin hannu ya tallafi kan.

"Da kin bari sai gobe, Malama," ya ce. "Yanzu da wannan zan je in binne shi."

Ya sauka daga barandar, mazan da ke jiransa a bakin ƙofa suka buɗe masa mota.