Kwamfutar Gwaji

"Kada ka ɓare ledar jikinta," in ji Injiniya. "Ba tamu ba ce tukuna."

Dogo ya janye farcensa. Ya riga ya ɗaga gefen ledar kaɗan, sai ya mayar ya danne da babban yatsa. Kwamfutar na kwance a kan teburin Injiniya, irin ta tafi-da-gidanka, siririya, ruwan toka, sanyi ƙalau kamar daga firiji aka ciro ta. Shekara tara yana zanen gine-gine a ofishin nan, bai taɓa ganin irinta ba sai a hoto.

"Dilan da ke sayar da ita ya ba mu aronta zuwa ƙarfe huɗu. Ka ɗora mata aikin asibitin nan mai hawa uku, ka ba ta wuya iya ƙarfinka. Da yamma ka zo ka gaya mini magana ɗaya, ta ci kuɗinta ko ba ta ci ba."

"Nawa ce, yallaɓai?"

Injiniya ya juyo masa da takardar dila. Dogo ya karanta, ya sake karantawa, don ya zaci idonsa ne ya ƙara sifili.

"Albashin mutum guda ke nan na shekara," in ji Injiniya. Ya miƙe ya tura ƙofa ta rufu. "Kai ba yaro ba ne, ba sai na yi maka kwana-kwana ba. Ba zan iya sayenta kuma in ci gaba da riƙe mutum biyu a ɗakin zane ba. In ta ci kuɗinta, tebur ɗaya zai tashi ƙarshen wata, kuma ba naka ba ne. Maganar nan ta tsaya tsakanina da kai."

Tebur biyu ne kacal a ɗakin zane, ba sai an yi dogon lissafi ba. Ɗaya na Dogo, ɗaya na dattijon da kowa ke kira Baba Fensir, saboda jan fensirin da ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Shi ya kawo Dogo ofishin nan lokacin da yake yawo da takardun makaranta a hammata, takalminsa ya cinye. Shi ya koya masa yadda ake duban zane a ga mutanen da za su zauna a ciki. Yanzu shekarunsa sittin da uku, 'yar autarsa tana aji biyu a makarantar koyon jinya, kuma a garin nan babu ofishin da zai ɗauki mai duba zane da fensir. Wannan mutumin aka ce Dogo ya auna da kwamfuta kafin ƙarfe huɗu. Injiniya kuwa ya koma kujerarsa yana duba waya, hankalinsa kwance, ya sauke wa wani kayan.

Dogo ya rungumo kwamfutar ya fito.

"Tabɗijam!" in ji Baba Fensir, ya sauke tabarau zuwa karan hanci. "Wannan amaryar fa daga ina? Kaka, kin ga an yi miki sakiyar da ba ruwa."

Kaka ita ce tsohuwar kwamfutar Dogo, wani ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur, mai gurnani kamar janareta. Yadda suke aiki shi ne, Dogo ya gama zane, ya buga a manyan takardu ya miƙa wa Baba, sannan ya sa Kaka ta haɗa hoton ginin yadda zai fito in an gama shi. Takan ɗauki minti hamsin, in ba ta mutu a hanya ba. A cikin wannan jiran ne Baba ke shimfiɗa takardun, ya bi su ɗaki-ɗaki da jan fensir, yana gunaguni, yana zagaye duk inda ƙofa ta ci karo da ginshiƙi ko bututun ruwa ya ratsa taga. Kafin Kaka ta farfaɗo, ya gama. Shekara tara haka suke, har mai shayin ƙasan bene ya san lokacin da zai aiko musu da kofi biyu.

Dogo ya ɗora wa sabuwar kwamfutar aikin asibitin. Ya danna, ya jingina, ya ɗauki kofinsa. Bai kai ga kurɓa ta uku ba hoton ya bayyana, asibiti sukutum, da inuwar bishiyoyi a bango da hasken rana a gilashin taga.

"A'a," in ji Baba. Ya dubi agogon bango, ya dubi na hannunsa. "Minti uku da rabi? Ƙarya ne. Sake."

Aka sake. Minti uku da rabi, ko tari ba ta yi ba.

Daga nan Dogo ya shiga neman laifinta, neman da bai taɓa yi wa wani abu ba a rayuwarsa. Ya zare wayar caji don ya ga ko za ta yi sanyin jiki, ba ta ko lura ba. Ya buɗe zane takwas a lokaci guda. Ya kifa tafin hannu a ƙasanta yana fatan ya ji zafi, sai ɗumi kaɗan kamar goshin mai lafiya. Ya kai ta bakin taga cikin rana tsaka, fuskarta na nan tangaran. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne daɗin da yatsunsa ke ji a kan madannan. Wallahi yana son ta. Tun yaushe yake mafarkin ranar da zai ja layi layin ya bi hannunsa nan take, ba sai ya jira Kaka ta gama tunani ba? Ga ranar ta zo, an haɗo masa ita da wuyan Baba.

Akwai kuma manhajar da dila ya saka a ciki, mai duba kurakurai da kanta. Dogo ya so ya yi kamar bai gan ta ba, amma Baba ne da kansa ya leƙo ya ce, "Wannan jan alamar fa, ta mene ce? Taɓa mu gani." Cikin ƙiftawar ido ta zagaye wuri goma sha ɗaya da ja. Baba ya koma kan takardunsa ya ƙirga nasa, tara ya samu tun safe.

"Ta fi ni da biyu, 'yar banza," ya ce yana dariya har da buga cinya. "Amma tsaya. Zo ka ga wanda ta tsallake."

Ya ɗora fensir a kan kwanar matakalar hawa na biyu.

"Awon daidai yake, Baba."

"Daidai yake ga mai tafiya da ƙafarsa. Asibiti ne fa, ɗana. Ranar da aka ɗauke wuta, lif mai hawa da mutane sama ya tsaya, ta ina mutum huɗu za su juyo da gadon mara lafiya a nan? Sai dai su tsayar da shi a tsaye kamar katifa. Ƙara wa kwanar faɗin taku biyu."

Dogo ya ƙara. Sai ya tashi ya ce zai zaga. A banɗaki ya tsaya gaban famfo, ruwa na zuba a hannunsa, yana shirya yadda zai gaya wa Baba. Ya shirya ta kusan kala biyar, kowacce in ya kai tsakiya sai ta watse. Da ya dawo ya tarar dattijon ya ciro hankicinsa yana goge ƙurar da ta sauka a murfin kwamfutar a hankali, sai maganar ta koma ciki.

Huɗu saura kwata ya ƙwanƙwasa ƙofar Injiniya.

"To?"

"Ba ta ci kuɗinta ba, yallaɓai."

Injiniya ya ajiye waya. "Ina jin ka."

"Tana da sauri, amma ba wani can ba. Minti talatin da wani abu ta yi. Tana ɗaukar zafi. Batirin ma ban yarda da shi ba." Bai saba ƙarya ba, sai ya ji muryarsa ta sirance kamar ta wani. "Kuma akwai kuskuren da ta tsallake, babba, a matakala. Baba ne ya gano. Da an gina haka, gadon mara lafiya ba zai juya ba."

"Masu asibitin sun ce a duba musu juyawar gado?"

"A'a, amma..."

"To ba su biya kuɗin wannan ba. Minti talatin ka ce?"

"Wajen haka."

"Minti talatin na me?"

Baba Fensir ne a bakin ƙofa, da naɗin takardu a hammata, ya kawo a sa hannu. Dogo bai ja ƙofar ta rufu sosai ba. Dattijon ya dube shi, ya dubi Injiniya, sai ya fashe da dariya yana girgiza kai.

"Haba, Dogo! Haba, ɗana! Yallaɓai, kada ka saurare shi. Minti uku da rabi, da idona, sau biyu, da agogo biyu. Zafi kuwa, kofin shayina ya fi ta zafi bayan ya huce."

"Baba," in ji Dogo.

"Yi mini shiru. Na san halinka. Ka ga kuɗin ne ka tsorata, kana jin nauyin a ce saboda kai aka kashe su." Ya matso gaban tebur, ya ajiye takardun. "Yallaɓai, ban taɓa roƙonka komai ba a ofishin nan, yau zan roƙa. Yaron nan shekara tara yana fama da wancan akwatin. Na sha ganin aikin kwana biyu ya ɓace masa, ya dafe kai, ya sake daga farko, bai taɓa zuwa ya yi maka ƙorafi ba. Idonsa har ya fara lalacewa. In akwai wanda ya cancanci abu mai kyau a gidan nan, shi ne. Ka saya masa. Kurakurai ma da kanta take kamawa, ta fi ni da biyu yau, ni da nake taƙama."

"Ta fi ka?" in ji Injiniya.

"Ta fi ni, ba na jin kunyar faɗa."

Injiniya ya daɗe yana kallon Dogo. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi sauƙi. Kallon mutum ne da aka kawo wa abin da yake so har gida, kyauta.

"To, Baba, tunda kai ka roƙa," ya ce. Ya ɗauki waya ya kira dila, ya ce ba sai ya aiko a karɓa ba, ya turo takardar biya da safe. Da ya kashe ya ce, "Dogo, yanzu kana iya ɓare ledar."

An tashi ƙarfe biyar. Injiniya ya ce Dogo ya riƙa tafiya da kwamfutar gida, kada ɓarayi su fasa ofis, sai Dogo ya zura ta a ledar kanti ya matse a ƙirji. Suka gangara tashar bas tare kamar kullum, Baba na gaba yana ta zuba, wai gobe sai Dogo ya koya masa inda ake taɓawa jan nan ya fito, tunda yanzu za su riƙa samun lokaci. Dogo ya buɗe baki a bakin titi, wata babbar mota ta danna oda, ya rufe. Ya sake buɗewa a gaban kantin magani.

"Baba, akwai maganar da..."

"Tsaya tukuna."

Dattijon ya ratse wajen wani mai sayar da jakunkuna da ya baje kaya a jikin katanga. Ya ɗaga wannan, ya ja zif ɗin waccan, ya latsa cikin wata baƙa mai soso ya ji kaurinta. Suka yi ta ja-in-ja da mai kayan, har Baba ya yi kamar zai tafi aka kira shi. Ya laluba aljihun gaba, bai isa ba, ya ƙaro daga na baya inda yake ajiye kuɗin mota.

"Ungo," ya ce. "Abu mai daraja irin wannan ba a yawo da shi a leda, sai ka ce kifi. Sa ta mu gani."

"Baba, don Allah ka bar shi."

"Sa ta, na ce."

Dogo ya zura ta. Ta shige daidai, kamar don ita aka ɗinka. Baba ya ja zif ɗin da kansa, ya rataya masa a kafaɗa, ya ja da baya yana duba shi sama da ƙasa, fuskarsa fal murna.

"Yauwa. Yanzu ka fito ma'aikaci. Me kake cewa ɗazu?"

Bas ɗin Dogo ta tsaya, kwandasta na kiran unguwarsu.

"Ba komai, Baba. Na gode."

"To hanzarta, kada ka rasa kujera. Ni yau da ƙafa zan taka, likita ma ya ce in riƙa motsa jiki."