Raɗin Sunan Rumbu

A ƙaramin gidan rediyon al'umma da ke Yekuwa akwai wata ordinatar, wato kwamfuta, a ƙarƙashin tebur da ake ajiye duk shirye-shirye a cikinta. Serbar ake ce mata. Duk mai son ɗauko wani shiri daga telefon ɗinsa sai ya hau wifin gidan, sannan ya rubuta wasu lambobi masu ɗigo a tsakani. Matsalar kuma, in batirin sola ya mutu aka sake kunnawa, lambobin sai su canja.

Baba Manzo, dattijon da ke gabatar da shirin noma da kiwo, shi ya fi shan wahala. Ran nan yana tsakiyar shiri ya yi alkawarin saka hirar da ya ɗauka da makiyayan Guci, ya nema bai samu ba, sai da ya cike lokacin da gaishe-gaishe.

Hanifa ce ke kula da na'urorin gidan tun da ta gama karatu a Damagaram. Ta same shi a ƙofa yana ɗaure rawani.

"Baba, zan sa mata suna, ku huta da lambobi."

"Ordinatar ɗin? Da can ba ta da shi?"

"Ba ta da shi."

Washegari ta fara da kafe wa serbar lamba ɗaya wadda ba ta canjawa. Sai ta saka mata wata ƙaramar manhaja da ake kira DNS, wadda aikinta kawai in an faɗi suna ta nuna lambarsa. Daga nan ta umarci akwatin wifi da ya riƙa tura kowace telefon wurin manhajar nan in tana neman suna. Da ta tambayi abin da za a kira ta, gardama ta kaure. Direktan gidan ya so a sa sunan rediyon duka, mai kalma biyar. Baba Manzo ya ce, "Inda ake zuba abu a ɗebo in an buƙata, ai rumbu ne." Aka tsaya a rumbu.gida.

Kowa ya kashe wifinsa ya sake kunnawa, ya rubuta, ya buɗe. Baba Manzo ya aika aka sayo dabino, ya ce ba a raɗa suna baki a bushe.

Ranar kasuwar Magariya ya tafi can gaida surukansa. Bayan an ci tuwo ya tara su a zaure, ya ce yau za su ji aikinsa. Ya rubuta rumbu.gida, ba abin da ya fito. Ya sake, haka. Ya buga wa Hanifa.

"Ƴar nan, rumbunki ya ɓace."

"Kuna ina, Baba?"

"Magariya."

Ta yi dariya. "Ai sunan gida ne. Sai wanda ke kan wifinmu ya san shi. Rezon kamfanin waya da kuke kai bai taɓa jin sa ba."

Ya kashe telefon, ya dubi mutanen da suka zuba masa ido. Sai ya gyara zama ya shiga ba su hirar makiyayan Guci da bakinsa, yana yin tambayar da muryarsa, yana amsawa da muryar tsohon makiyayin, har da kukan shanun da ke bayansu. Surukin nasa ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, matan gida kuma suka aiko daga ciki a ce ya ɗaga murya.