Ranar da Jarrod Ya Tsaya Cik

Jarrod bai taɓa daɗewa a wuri ɗaya ba. Makaranta ya bar ta tun kafin jarrabawa, shagon soya kifi da dankali ya bar shi, aikin rufin kwano kuwa rana ta fara zafi ya sauko daga tsani bai waiwaya ba. Yanzu uwarsa ta ce ko ya sami aiki kafin Kirsimeti, ko ya kwashe katifarsa daga garejinta.

Aikin da ya rage a garin shi ne cire muguwar ciyawa a fadamar da ke bayan tudun yashin teku, wadda aka keɓe wa tsuntsaye. Noeleen ce mai ɗaukar ma'aikata, dattijuwa mai faffaɗar hula, kuma ta san tarihinsa kaf.

"Ka zo rumfar leƙen tsuntsaye ranar Asabar da safe," ta ce. "In ka iya zama shiru sai mu yi magana."

Ya zo. Rumfar katako ce mai siraran tagogi, cike da tsofaffi da madubin hangen nesa. Wani zalɓe mai launin busasshiyar ciyawa suke fako, mai ɓuya cikin kacala, doguwar ciyawar ruwa, wanda suka daɗe suna jin kukansa ba su sa shi a ido ba. Dokarsu kuwa, tsuntsun da ba ka gani da idonka ba, ba naka ba ne.

Jarrod ya zauna. Ƙafarsa ta fara rawa da kanta, benci ya ɗauka. Ya buɗe ledar biskit, ta yi ƙara kamar ana yaga kwano. Ya kai wa ƙuda mari a kumatunsa.

"Samari," Merv, tsohon direban bas, ya raɗa masa, "tururuwa ce a wandonka ko haka aka haife ka?"

"Haka aka haife ni, Baba."

Noeleen ba ta ɗauke ido daga madubi ba. "Je ka mota ka ɗauko mana fulas ɗin shayi, ɗan nan. Kada ka yi sauri."

Ya gane korarsa aka yi. Ya bi gadar katakon da ta ratsa fadamar yana tunanin inda zai kai katifa. A tsakiyar gadar wani abu mai sanyi ya hau masa ƙafa, don silifa ya sako. Ya duba: baƙin maciji ne mai jan ciki. Macijin ya sami ƙafar da ɗumi, ya kwanta.

Abin da malamai da iyayen gida suka kasa, maciji ya yi shi nan take. Jarrod ya ƙame, hannu ɗaya a sama. Ƙudaje suka yi taro a leɓensa, sauro ya ci ya ƙoshi ya kira 'yan'uwansa. Ya ji kacala ta motsa a damarsa, wani abu yana takawa cikin ruwa a hankali, amma ko da sarauniyar kyau ce ba zai juya ba. Can da rana ta ɗaga, macijin ya gaji da shi, ya sulale ƙarƙashin gada.

Ya koma rumfa ba shayi. Ya tarar da tsofaffi suna rungumar juna, Merv yana share ido.

"Kusa da kai zalɓen ya fito, shege!" in ji Merv. "Ya ɗauka kututture ne. Ka ga yadda ya miƙe baki sama?"

"Ban ga komai ba. Maciji ne a ƙafata!"

"Mun gan shi," in ji Noeleen.

"Kun gan shi? Kuka yi shiru?"

"To da mun yi ihu ai tsuntsun tashi zai yi. Kai ma da ka zabura da ya sare ka." Ta rufe madubinta. "Wanda ya zo neman aikin kafin kai, tsalle ya yi ya faɗa ruwa. Inda za ka yi aikin nan cike yake da macizai. Litinin da safe, kuma ka sayi takalmin kirki."

Merv ya dafa masa kafaɗa. "Aiki naka ne, samari. Tsuntsu dai namu ne."